Wasiƙa daga Nima: Kada Ƙanenka Ya Sa Hannu Tukuna

Nima, Accra
Daren Laraba

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yaran. Yaya sanyin Jamus? An ce mini yanzu safa biyu kake sakawa kafin ka kwanta, kai da kake yi wa mutane dariya in sun sa rigar sanyi lokacin hunturu a Kumasi. Allah ya ƙara.

Na san ina da laifi. Saƙonka uku suna waya ban amsa ba, kuma ba zan kawo uzuri ba don na san ba za ka karɓa ba. Abin da ya zaunar da ni rubutu yau ƙanenka ne. Kamfaninsu na Tema na shirin sallamar ma'aikata, shi ne ya kawo takardar da aka raba musu, ninki huɗu a aljihu, duk ta jiƙe da gumi. An ce su sa hannu kafin Juma'a, a ba kowa albashin wata ɗaya da wani abu da suka kira "kyautar godiya". Ka tambaye ni ko ka turo kuɗin lauya. Riƙe kuɗinka tukuna. Abin da nake so ka yi shi ne ka kira shi da kanka, don maganarka yake ji ba tawa ba, ka ce kada alƙalaminsa ya taɓa takardar nan.

Takardar ba ta rage ma'aikata ba ce. Layi na biyu cewa ya yi ma'aikaci "ya amince ya bar aiki da kansa". Wanda ya ajiye aiki da kansa ba shi da kuɗin sallama. Ranar da ya je neman haƙƙinsa, wannan takardar za su zaro daga fayil su ɗora a tebur, shi ke nan magana ta mutu.

Ga yadda doka ta tsara. Dokar Ƙwadago ta 2003, wadda kowa ke kira Act 651, sashe na 65. In kamfani zai yi babban sauyi da zai jawo sallamar ma'aikata, ko a tsarin aiki ko a injuna ko a abin da yake sarrafawa, dole ya rubuta wa Babban Jami'in Ƙwadago da kuma ƙungiyar ma'aikatan wurin, aƙalla wata 3 kafin sauyin. A rubuce, ba sanarwa a bakin get ba. Takardar ta faɗi dalili, ta faɗi mutum nawa abin zai shafa, 'yan wane ɓangare ne, da tsawon lokacin da za a ɗauka ana sallamar. Sannan ya zauna da ƙungiya su nemi hanyar da za a kauce wa korar ko a rage yawanta, da yadda za a sassauta wa waɗanda dole su tafi, kamar nema musu wani gurbi. Saboda haka tambaya ta farko da ƙanenka zai yi wa shugaban yuniyon ɗinsu ita ce: yaushe takardar ta iso muku, ina kwafinta, ina hatimin Ma'aikatar Ƙwadago da ke nuna ranar da suka karɓa? In babu, kamfani ne ya fara taka doka, kuma wannan Juma'ar da suke tsorata mutane da ita Juma'a ce kamar kowace.

Amma kada ka yi murna da wuri. Dokar ba ta yanke ko sidi ɗaya ba. Cewa ta yi adadin kuɗin sallama da yadda za a biya shi, abin ciniki ne tsakanin mai kamfani da ma'aikaci ko ƙungiyarsa. Maganar da ake yi a majalisar shayi cewa "doka ta ce wata uku a kowace shekara" ba ta cikin littafin. Inda ka ga an biya haka, ƙungiya ce ta ƙwato shi tun ana zaman lafiya, aka rubuta a yarjejeniyar da ke tsakaninta da kamfani. Wannan yarjejeniyar ita ce abu na biyu da zai nemo. Ya buɗe babin rage ma'aikata ya ɗauki hoton kowane shafi. In akwai adadi a ciki, daga nan ciniki zai tashi, ba ya sauka ƙasa da shi. In babu, to aiki ya same su.

Akwai ma wata kafa da lauyoyin kamfanoni suke so. Sakin layin da ya yi maganar kuɗin sallama ya ambaci rufe kamfani ne, ko haɗe shi da wani, ko sake masa tsarin mallaka. Sai lauya ya ce, ai mu ba mu rufe ba, ba mu haɗe da kowa ba, layi ɗaya kawai muka tsayar, don haka kuɗin notis kaɗai ke kanmu. Ana wannan gardamar sosai. Abin da ke toshe bakinta shi ne yarjejeniyar ƙungiya in ta fayyace abin da ake nufi da rage ma'aikata, da abin da kamfanin ya taɓa biyan waɗanda ya sallama a baya. Su nemo tsofaffin da aka sallama a zagayen da ya wuce, wani cikinsu yana da takardarsa a ƙarƙashin katifa.

Af, kafin in manta, mai shayin bakin gota ya yi aure na uku. Kai ka ce ba zai iya ba. An yi awure ranar Lahadi, an toshe hanya tun daga kasuwa, direbobin turotiro suna ta zagi. Amaryar 'yar Mamobi ce, kuma wai ita ta ce a ƙara kuɗin kofi. Bashinka na tun kafin ka tafi yana nan a littafinsa, ya ce da yuro zai karɓa.

To, lissafi. Nan ne ake cin mutane suna murmushi. Mu ɗauka, don misali kawai, tsurar albashin mutum sidi 2,400 ne, alawus-alawus na haya da mota da abinci 900, jimla 3,300, ya yi shekara 11. In aka ce wata ɗaya a kowace shekara a kan tsurar albashi, 26,400 ke nan. In a kan jimla ne, 36,300. Kalma ɗaya a takarda ta cinye masa kusan dubu goma. In ƙungiya ta ja har wata biyu a kan jimla, 72,600. Don haka ba a tsayawa a "wata nawa", sai an ce wata nawa na wane albashi. Sannan guntun shekara: wanda ya yi shekara 11 da wata 9, a biya shi watanni taran gwargwadonsu, kada a jefar da su. Sannan albashin wace rana? In akwai ƙarin albashi da aka amince da shi ba a fara biya ba, da sabon za a yi lissafi, a kuma biya bashin watannin da suka wuce.

Kuɗin sallama daban, sauran haƙƙoƙi daban, kada a bari a cure su dunƙule ɗaya. Notis: wanda ke kan kwantiragin shekara 3 ko fiye, wata ɗaya ne ko albashin wata ɗaya a madadinsa, in bai kai shekara 3 ba, mako biyu, sai dai in yarjejeniyarsu ta ba da fiye da haka. Hutun shekara da bai ci ba, wanda doka ta ce ba ya gaza kwanakin aiki 15, a mayar masa da shi kuɗi. Obataim da yake bi. Garatuti in yana cikin yarjejeniya. Kowanne da layinsa da adadinsa. Ba tsirfa ba ce: dokar haraji ta 2015 ta cire kuɗin sallamar rage ma'aikata daga abin da ake yanka wa haraji, amma albashi da kuɗin hutu ana yanka. In akanta ya haɗa komai ya rubuta masa "kyauta", yana iya yankar haraji a kan duka, kuma ka san abin da ya shiga hannun GRA, hukumar haraji, ba ya fitowa da sauƙi.

Sai fansho, wanda shi ya fi damuna da ƙanenka, don na lura bai taɓa duba takardarsa ta SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa, ba. A dokar fansho ta 2008 ana cire kashi 5.5 cikin ɗari daga tsurar albashin ma'aikaci, kamfani ya ɗora 13, a samu 18.5. Daga ciki 13.5 na tafiya SSNIT, 5 na tafiya asusun mataki na biyu da ke hannun kamfanonin fansho. A misalinmu, sidi 132 daga aljihunsa, 312 daga kamfani, 324 su tafi SSNIT, 120 mataki na biyu. Kamfanin da ya fara tangal-tangal, wannan kuɗin yake fara riƙewa, saboda ma'aikaci yana ganin an cire a takardar albashi sai ya ɗauka an kai. Ya je ofishin SSNIT da katinsa na Ghana ya karɓi cikakken bayanin asusunsa, ya bi wata-wata da biro yana zagaye gurbin da babu komai. Haka zai yi wa mataki na biyu. In da giɓi, a sa shi a yarjejeniyar sallama cewa kamfani zai cike, da tarar jinkiri ta kashi 3 a wata da doka ta ɗora masa, kafin kowa ya miƙa katin shiga. Dalili: ana bukatar wata 180 na biya kafin a ba mutum fansho na wata-wata. Mai shekara 11 yana da 132 in an biya duka, saura 48. In an cinye masa wata 20 bai sani ba, a shekara 60 zai gane, lokacin kamfanin ya zama sito ko coci.

Na ji Kotoko, ƙungiyar ƙwallonku, ta sake ba ku hawan jini. Ba zan ce komai ba. Ni dai na san inda Hearts take a zuciyata, ko da kuwa teburin gasar ya ce wani abu daban.

Yanzu abin da ya fi ba ni tsoro: samarin wurin suna ta ihun a rufe get, a ƙona taya, a shiga yajin aiki ranar Litinin. Na gane zafin, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Doka ta shimfiɗa matakala. Da farko tattaunawa tsakaninsu. In kwana 7 suka wuce ba a daidaita ba, kowane ɓangare na iya kai magana Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa ta ba da mai shiga tsakani. Shi kuma yana da kwana 14. In ya gaza, sai a nemi su yarda a naɗa mai yanke hukunci. Sai in sun ƙi yarda da hakan, ko an yi ba a warware ba, sannan ƙungiya ta ba kamfani da Hukumar takardar niyyar yajin aiki, ta jira kwana 7 su cika. Muddin ana kan tattaunawa ko sasanci, yajin aiki haramun ne a doka. Wanda ya shiga haramtaccen yaji kuma ana iya hana shi albashin kwanakin, ana iya sallamarsa ba notis, ana iya neman diyyar ɓarnar da aka yi. Ka duba da kyau: kamfanin da ke neman rabuwa da mutum ɗari da tsada, sai ga su sun ba shi dalilin korarsu kyauta. Kuma wane ciwo yaji zai yi wa masana'antar da kayanta ke jibge a sito babu mai saye? Ka rage masa kuɗin lantarki ne kawai. Yaji yana cizo ne inda ake da oda a hannu.

Ga kuɗin sallama ma ba sai an bi doguwar hanya ba. Sashe na 65 ɗin ya ce in an saɓa a kan adadi ko yadda za a biya, wanda bai gamsu ba ya kai wa Hukumar kai tsaye, hukuncinta kuma shi ne ƙarshe. Mutum bakwai ne a Hukumar, shugaba da wakilai bibbiyu na gwamnati da masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago, kuma ba sai da lauya ake shigar da koke ba. Shi ya sa na ce ka riƙe kuɗinka. Aibinta biyu: layi yana da tsawo, sannan in kamfani ya yi kunnen uwar shegu da hukunci, sai Hukumar ta je Babbar Kotu neman a tilasta masa. Watanni ke nan. Mai haya a Ashaiman ba ya jiran Babbar Kotu.

Wannan ya kawo ni inda ni da shugabannin ƙungiyoyi da yawa muke saɓawa. Suna son babban adadi da za su karanta a gaban taro a tafa musu. Ni kuwa in kamfani da gaske numfashinsa ya yi sama, na fi son adadi matsakaici a biya shi lokaci guda, da babban adadi a rarraba shi wata 18. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka tuna Disamba 2022, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Duk wanda ya yarda a farkon shekarar a riƙa biyansa kaɗan-kaɗan, kason ƙarshe bai saya masa abin da na farko ya saya ba. Ka kuma tuna Agusta 2017 da Babban Banki ya ƙwace lasisin bankunan UT da Capital, da Agusta 2018 da aka narkar da bankuna biyar aka yi Consolidated Bank. Da zarar an naɗa mai tattara dukiya, ma'aikaci ya daina magana da manajan da ya sani, ya shiga layin masu bin bashi. Dokar 2020 ta kamfanonin da suka durƙushe ta buɗe hanyar a naɗa wanda zai gwada farfaɗo da kamfani kafin a rushe shi, amma injin da aka jinginar wa banki, bankin ba zai manta da shi ba don tausayin lebura. In dole sai an rarraba, to kaso na farko ya zama babba, ranakun biya su fito a rubuce, a sa sharaɗin cewa in aka tsallake kaso ɗaya ragowar duka ta wajaba nan take, a kuma kai kwafi Hukumar.

Su kuma nemi ganin littattafai. Sashe na 97 ya wajabta wa ɓangarorin biyu ciniki da zuciya ɗaya, da ba juna bayanan da suka shafi abin da ake magana a kai. In manaja ya ce babu kuɗi, a ce madalla, kawo rahoton odita na shekara uku. Uwar ƙungiyarsu, ICU ce ta ma'aikatan masana'antu da kasuwanci ko wata daga cikin na TUC, haɗakar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasa, tana da masu iya karanta irin waɗannan takardu, kada shugaban reshe ya shiga ɗakin shi kaɗai da ƙarfin murya. Abin dubawa: asara ce ta gaske, ko so ake a kori masu cikakken aiki a dawo da su ta hannun ɗan kwangila a rabin albashi? Wannan rigimar ce aka yi a Tarkwa a 2018, da Gold Fields, kamfanin haƙar zinariya, ta miƙa haƙar ma'adinai ga 'yan kwangila, ƙungiyar masu haƙar ma'adinai ta je kotu, ƙarshe dai aka yi sauyin. In haka ne, kamfani yana da kuɗi, a ja farashi sama ba kunya. In kuwa asarar gaske ce, irin ta masaƙun da atamfar waje mai araha ta karya, sai a gwada rage kwanakin aiki, ko hutun karɓa-karɓa, ko dakatar da obataim, ko a fara da masu son tafiya da kansu da waɗanda suka kusa ritaya, da sharaɗin cewa su ma kuɗin sallama cikakke za a ba su.

Jerin sunayen kansa abin dubawa ne. Doka ba ta ce ga wanda za a fara cirewa ba, amma yarjejeniyoyi da yawa suna cewa wanda ya shigo ƙarshe shi zai fara fita. In ka ga jerin ya kwashe sakataren yuniyon da ma'ajinsa da matan da ke da ciki ko ke hutun haihuwa, ya bar ɗan'uwan fomen da ya zo bara, to ba rage ma'aikata ba ne, sashe na 63 ne, kora ba bisa ƙa'ida ba, kuma kamfani ne zai kawo hujjar cewa dalilinsa da hanyarsa daidai suke. Sannan waɗanda ake kira 'yan wucin gadi. Gaskiya ne 'yan kwantiragin ƙayyadadden lokaci, da masu zaman gwaji, da leburorin rana-rana ba sa cikin wannan tsari. Amma ɗan wucin gadin da ya yi wata 6 a jere wa kamfani ɗaya, doka ta ce a ɗauke shi a matsayin cikakken ma'aikaci. Ɗan gidan liman ɗin nan da ke lodi a wurinsu shekara huɗu ana ce masa "kashuwal", ya tattara takardun albashinsa ko saƙonnin momo da ake turo masa kuɗi, kada ƙungiya ta bar su a waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, kuma kiran mutane ofis ɗaya bayan ɗaya da suke yi, tsaga bangon ne.

Hajiya tana lafiya, ƙafar ce dai. Ta ce turaren da ka aiko na maza ne, ta ba ladan. Ba ta san zancen aikin nan ba, kuma ƙanenka ya roƙa kada ta ji daga bakin kowa. Don Allah ka ja wa maiɗakinka kunne, ka san layinsu da 'yan Sabon Zango ba ya hutawa.

Abu ɗaya da na kusa mantawa, kuma shi ke kayar da mutane a ƙarshe: bashi. In yana da rancen banki da aka ɗaura a kan albashi, ranar da kuɗin sallama ya faɗa wannan asusun, banki zai iya ɗauke ragowar bashinsa duka kafin saƙo ya iso waya. Ya je tun yanzu ya nemi a rubuta masa abin da ya rage, ya san inda yake tsaye. Rancen kamfani da na asusun adashin ma'aikata su ma a fito da adadinsu kafin ranar biya, kada ya gan su a takarda bagatatan. Ya sabunta katin inshorar lafiya na gwamnati nasa da na yara, don asibitin kamfani zai rufe musu ƙofa ranar da suka fita, sai dai in ƙungiya ta samo musu ƙarin wasu watanni. Ya karɓi takardar shaidar aiki da ke cewa ƙarara rage ma'aikata ne ya fitar da shi, ba laifi ba. In za a iya, a sa layin cewa in aiki ya dawo, su za a fara kira.

Na ji kana cewa ka saya masa adaidaita ya fara kabu-kabu. Bari kuɗin ya shigo tukuna, Malam, kai kullum gaggawa. Wancan kwantenar tayoyin ma ai haka ka yi.

Ka kira shi gobe bayan magariba, lokacin ya dawo. Ka ce ya kawo mini hoton babin nan na yarjejeniya da takardar SSNIT kafin Asabar, da ainihin takardun albashi na wata shida na ƙarshe, ba waɗanda ya ɗauka a waya duk sun yi dishi-dishi ba. Dare ya yi, an ɗauke wuta tun ɗazu, da fitilar waya nake ƙarasawa. Ka gai da yaran, musamman takwarana, ka ce ina jin labarin ba ya jin Hausa sai "ina kwana".

Naka har kullum,
Abokinka na Nima